Fashin Baƙi: Me ya sa injin babur ɗin ƙanƙara ke sauya hali bayan kamfani ya sabunta shi?

Duk shekara idan hunturu ya kama a Kanada, arewacin Amurka da ƙasashen Sikandinabiya, akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa a bakin masu babur ɗin ƙanƙara. Kamfani ya aiko da takarda a kai babur wurin dila a yi masa gyara kyauta, an kai, an dawo da shi, sai ga inji yana misin, ko yana zuƙar mai fiye da da, ko ya rasa ƙarfi wajen hawan tudu. To laifin wa? Sabuwar manhajar da aka ɗora wa injin ce ta ɓata shi, ko hannun da ya yi aikin, ko kuwa tsohuwar cuta ce da ta daɗe a kwance sai yanzu ta tashi? Yawancin masu babur manhajar suke fara zargi. A zahiri ita ce ta fi ƙarancin laifi a cikin ukun, kuma wanda ya fara da ita yakan kashe kuɗi a kan kayan da lafiyarsu lau.

Injin da ake magana a kansa

Babur ɗin ƙanƙara yana da takalman zamiya biyu a gaba, da faffaɗan bel na roba mai haƙora a baya wanda ke tura shi a kan dusar ƙanƙara. Kamfanin BRP na garin Valcourt a lardin Kebek shi ke ƙera Ski-Doo, da kuma Lynx a Rovaniemi ta ƙasar Finlan, da injinan Rotax da ake haɗawa a Ostiriya. Polaris yana ƙera nasa a Roseau, Arctic Cat kuma a Thief River Falls, duka a jihar Minesota. Yamaha ta sanar a 2023 cewa za ta bar wannan kasuwa, samfurin 2025 shi ne na ƙarshe.

Mafi yawan masu ƙarfin cikinsu injin bugu biyu gare su, wato dangin ƙaramin janareton nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai, sai dai wannan yana ba da ƙarfin doki sama da 160 kuma yana juyawa wajen sau 8,000 a minti. Irin wannan inji ba shi da tafkin baƙin mai a ƙasa. Ɗan man da famfo ke ɗiga masa shi kaɗai ke raba fistin da bangon silinda, fetur ɗin da ke shiga kuma yana taimakawa wajen sanyaya kan fistin. Mai ya ragu kaɗan, ko wuta ta riga lokacinta kaɗan, cikin 'yan daƙiƙu fistin ya narke.

Da kafireto ake amfani a da. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa wa waɗannan babura ƙa'idar hayaƙi daga 2006, ta ƙara tsaurara ta a 2010 da 2012, shi ya tura kamfanoni ga nozil mai fesa mai da ƙwaƙwalwar inji, wadda ake kira ECU ko ECM. Ski-Doo ya fito da injinsa mai irin wannan tsari 600 E-TEC a samfurin 2009 da 850 E-TEC a na 2017, Polaris ya biyo da 850 Patriot a na 2019. Ƙwaƙwalwar tana karanta matsayin totur, zafin ruwa, zafin iska da nauyinta, zafin salansa da kuma sensar da ke jin ƙwanƙwasa a cikin silinda. Daga nan take yanke yawan fetur, lokacin tartsatsin fulogi, yawan baƙin mai, da lokacin buɗe bawul ɗin salansa, wanda Rotax ke kira RAVE, Polaris kuma VES. Duk wannan yana rubuce a wani jadawali a cikinta, kuma jadawalin ne kamfani ke sauyawa.

Ba kowace sabuntawa ce ta manhaja ba

Nan ne ruɗanin yake farawa. Akwai kiran gyara na dole saboda haɗari, wanda a Amurka hukumar kare masu sayen kaya daga haɗari, CPSC, ke sanarwa, a Kanada kuma ma'aikatar sufuri. Misalin da ya fi girma shi ne na watan Agustan 2022, lokacin da Polaris ya ce a daina hawa da sayar da babura kusan 230,000 a duniya, saboda tartsatsin lantarkin da ke taruwa a cikin tankin mai na iya kunna turirin fetur, musamman fetur ɗin da ya daɗe a ajiye ya lalace. Wannan gyara aikin hannu ne a ɓangaren tanki. Akwai kuma takardar umarni da kamfani ke aika wa dilloli kawai, kan wata matsala da ba ta kai haɗarin rai ba, kamar sauya boris, waya ko tiyo. Sai ta uku, ɗora sabon jadawali a ƙwaƙwalwa, wanda ake yi da kwamfutar dila: B.U.D.S. a wurin BRP, Digital Wrench a wurin Polaris.

Sau da yawa ana haɗa biyu ko uku a zuwa ɗaya, mai babur kuma abin da ya ji kawai shi ne "an sabunta". Saboda haka matakin farko ba a jikin inji yake ba. A nemi dila ya ba da takardar aiki mai ɗauke da lambar umarnin kamfani, jerin kayan da aka sauya, da lambar jadawalin da ke ciki kafin aiki da bayansa. Da lambar jikin babur mai harafi da alƙalami 17, wadda ke buge a gefen dama na gangar jikinsa, ana iya dubawa a shafin kamfanin a ga waɗanne gyare-gyare aka rubuta an kammala. Idan takardar ta nuna tanki kawai aka buɗe, maganar manhaja ta faɗi tun a nan.

Sauyin da ba lalacewa ba ne

Kamfani ba ya sake jadawali don nishaɗi. Galibi ya ga injuna suna bugawa a cikin garanti, yana biyan kuɗin gyara, sai ya ƙara fetur a wani matakin totur, ya ja lokacin wuta baya kaɗan, ko ya ƙara baƙin mai. Mai hawa zai ji injin ya ɗan yi nauyi, hayaƙi ya ƙaru, tanki yana saurin ƙarewa. Ba daɗi, amma ba ciwo ba ne. An sayi tsawon rai da ɗan ƙarfi, kuma ni a ganina cinikin bai faɗi ba ga wanda ke tafiyar kilomita 80 daga gari a sanyin da ya kai 30 ƙasa da sifiri.

Sai batun lokacin horar da sabon inji. Injinan E-TEC da na Polaris na zamani suna da wannan tsari a cikin ƙwaƙwalwarsu: a farkon rayuwar inji tana ƙara baƙin mai, tana rage masa zafin nama, har ringi ya zauna. Idan gyaran ya haɗa da sabon fistin, silinda ko karanshaf, dila zai sake kunna wannan tsari da gangan. Babur zai yi hayaƙi, fulogi zai yi saurin baƙi, kuma hakan zai wuce da kansa bayan tankuna kaɗan. A tambaya ko an kunna shi. Tambaya ɗaya ce da ke raba mutum da zullumin mako biyu.

Ana iya auna shan baƙin mai ba tare da wata na'ura ba. A cika tankin fetur da na baƙin mai, a yi tafiya, a sake cikawa ana auna abin da kowanne ya ci. Lita 40 na fetur da mililita 800 na baƙin mai ya zama 50 bisa 1. Idan an maimaita sau biyu ko uku adadin yana nan wuri guda, injin yana bin jadawalinsa ne. Abin tsoro shi ne baƙin man da ba ya raguwa kwata-kwata. Wannan a kashe inji nan take.

Inda hannu ya taɓa

Mafi yawan matsalolin da ke bayyana a ranar farko ko ta biyu daga nan suke. Kafin a kai ga tanki ko ƙwaƙwalwa sai an cire kujera, murfin gefe, akwatin iska, wani lokaci har salansa, kuma dila yana yin wannan aiki ne a farkon hunturu, babura sun yi layi a ƙofarsa.

Akwatin iska shi ne wurin fara dubawa. Idan bai zauna daidai a bakin robar totur ba, ko ba a ɗaure zoben ƙarfen da ke riƙe shi ba, iskar da ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba tana shiga. Alamarsa silo ya yi sama ya ƙi sauka bayan an saki totur. A injin bugu biyu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin iska ta fi fetur yawa, kuma hanyar narkewar fistin ke nan. Sensar zafin iska tana jikin wannan akwati a samfura da yawa, kuma soket ɗinta na daga cikin waɗanda aka fi mantawa a mayar.

Bayansa tiyon mai. Tiyon da kujera ko tanki ya danne yana barin man da ya isa silo da tafiyar sannu, amma da an murɗa totur duka sai inji ya shaƙe bayan daƙiƙa biyar ko goma. Awon matsin mai a tsaye ba ya kama wannan. Matsin yakan kasance tsakanin bar 3 da 4 gwargwadon injin, kuma dole a duba shi inji yana ɗauke da nauyi: idan allura ta faɗi lokacin da aka ba da wuta, to tiyo ne, ko matata, ko famfon cikin tanki. Haka ma ƙaramin tiyon numfashin tanki. Idan ya lanƙwashe ko ƙanƙara ta toshe shi, babur zai yi tafiyar minti goma ko ashirin lafiya, sannan ya fara mutuwa. A buɗe murfin tanki. Idan aka ji ya zuƙi iska kuma inji ya warware, an gano wurin.

Wayar totur tana da nata tarkon. Da yawa daga cikin waɗannan babura suna da makunnin kariya da ke yanke wuta idan ya ga hannun totur da bakin totur ba su daidaita ba, don kada totur ya maƙale da ƙanƙara babur ya gudu da mutum. Idan an bi da wayar ta wata hanya dabam wajen mayar da kaya, ko an ɗaure ta ba a bar mata ɗan sakin da littafin babur ya faɗa ba, makunnin zai riƙa yanke wuta yana saki. Gwajinsa mai sauƙi ne: a bar inji a silo, a juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe. Idan sautin injin ya sauya, matsalar waya ce ba ƙwaƙwalwa ba.

Idan an taɓa tiyon ruwa, iska na iya maƙalewa a ciki. Babur ɗin ƙanƙara mai sanyaya da ruwa galibi ba lagireto da fanka yake dogaro da su ba. Yana da faranti na alminiyom a ƙarƙashin gangar jiki, inda bel ke watsa musu dusar ƙanƙara. A ɗumama inji, a taɓa farantin baya. Idan allon gaba yana nuna zafi yana hawa amma farantin na da sanyi, ruwa ba ya zagayawa. Sai a ɗaga gaban babur, a bi matakan fitar da iska da ke littafinsa, a ƙara ruwa bayan inji ya huce. Kada a buɗe murfin yana da zafi.

Akwai kuma abubuwan da hannu ke shigarwa ta kwamfuta. Kowane nozil na E-TEC yana da lambobin awonsa da dole ƙwaƙwalwa ta sani, kuma na silindar dama ba ya zama a madadin na hagu. Idan an sauya nozil ko ƙwaƙwalwar kanta ba a shigar da su daidai ba, silinda ɗaya zai sha mai fiye da ɗan'uwansa. Haka sai an sake koya wa ƙwaƙwalwa inda totur yake idan yana rufe, kuma makullin lantarki na Ski-Doo mai hana sata, D.E.S.S., sai an sake haɗa shi da sabuwar ƙwaƙwalwa, in ba haka ba inji zai tashi amma ba zai yarda ya ja babur ba. Fulogin E-TEC ma ba a ɗaure shi yadda aka ga dama: buɗaɗɗen gefen bakinsa yana fuskantar nozil ne, shi ya sa ake amfani da ainihin lambar da kamfani ya faɗa, a ɗaure shi da sifana mai awon ƙarfi.

A wajen Polaris akwai zaɓin irin fetur, mai etanol (wani sinadari da ake gauraya wa fetur) ko marar etanol mai lambar oktan 91, wato lambar juriyar fetur ga ƙwanƙwasa, a allon gaba ko ta wani ɗan soket a tsofaffin samfura. A duba shi duk lokacin da babur ya dawo daga dila. Fetur zalla yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, mai etanol kashi 10 cikin ɗari kuma kusan 14.1, wato yana buƙatar a ƙara fesa shi. Injinan bugu biyu galibi ba su da sensar iskar oksijin a salansa da za ta gyara wannan da kanta. Idan an zaɓi marar etanol alhali mai etanol ne a tanki, mai ya yi wa injin kaɗan. Shawarar kamfanin ita ce idan ana shakka a zaɓi na etanol.

Tsarin bincike idan ba a ga komai da ido ba

A fara karanta lambobin matsala a allon gaba, a rubuta su ko a ɗauki hotonsu kafin kowa ya goge. A rubuta har da zafin ruwa, yawan juyin inji da yanayin da abin ke faruwa: da sanyin safiya ne, ko sai inji ya yi zafi, a rabin totur ko a ƙarshensa. Lambar tana nuna layin da ke da matsala ne, ba lallai sensar ba. Lambar sensar zafin salansa sau da yawa waya ce da ta kwanta a jikin salansa ta narke.

Daga nan batir. Cikakke yana nuna bolt 12.6 a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji na aiki. Batir mai rauni ko wayar ƙasa mai sako-sako suna haifar da lambobi barkatai da ba su da alaƙa da juna, kuma wutar da ta faɗi a tsakiyar ɗora manhaja na iya barin aikin rabi da rabi. Idan ana zargin haka, dila zai iya sake ɗorawa da caja a jiki, aikin da bai kai awa ɗaya ba.

Sai fetur. Kiran gyara yakan faɗo a ƙarshen bazara ko kaka, lokacin da babur ya yi wata shida ko bakwai a ajiye. Fetur mai etanol yana jan ruwa daga iska, idan ya ƙoshi sai ruwan da etanol su kwanta a ƙasan tanki, wurin da famfo ke zuƙa, abin da ya rage a sama kuma lambar oktan ɗinsa ta faɗi. Sensar ƙwanƙwasa za ta ji, ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya ta rage juyin inji, a Polaris har a ga DET, alamar ƙwanƙwasa, a allo. Mai babur zai rantse sabuntawar ce ta kashe masa ƙarfi, alhali tsohon mai ne. A zuƙe tankin, a zuba sabon mai lamba 91, a sake gwadawa.

Sannan fulogi da matsin silinda. Fulogi baƙi mai danshi mai ne ya yi yawa ko wuta ba ta kamawa. Fari fat mai ɗigon ƙarfe kamar yashi, fistin ne ya fara zuba, kada a sake tada injin. A auna matsin silinda inji na da ɗumi, totur a buɗe duka, da ma'auni ɗaya. Adadin kansa yana sauyawa da samfuri da tsayin wuri, don haka bambancin da ke tsakanin silindar biyu ya fi muhimmanci: idan ya wuce kashi 10 cikin ɗari, ciwon na ƙarfe ne, kuma babu jadawalin da zai warkar da shi. Bawul ɗin salansa da dattin baƙin mai ya riƙe ma yana sa inji ya tsaya ƙasa da cikakken juyinsa. A cire a wanke.

Duk gwajin da ke buƙatar inji na aiki a yi shi a waje ko ƙofar gareji a buɗe, saboda hayaƙin yana ɗauke da iska mai kisa wadda ba ta da wari mai faɗakarwa. Idan an ɗaga bayan babur ana juya bel, kada kowa ya tsaya a bayansa.

Wani lokaci kuloci ne, ba inji ba

Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giya ta hannu. Kuloci biyu ne da bel a tsakaninsu, an daidaita nauyinsu da sifirin ɗinsu don su riƙe inji a juyin da ya fi ƙarfi. Idan sabon jadawali ya rage ƙarfi ko da kaɗan, kulocin da aka saita wa tsohon zai danne injin ƙasa da inda ya kamata, kuma faɗuwar juyi 200 ko 300 a minti ana jin ta sosai a tudu. Maganinsa gyaran saitin kuloci, wanda a kulocin pDrive na Ski-Doo ɗan maballi ne da ake matsarwa. Tsayin wuri ma yana shiga lissafi: injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Idan kuma an saka sabon bel, a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe, a yi tafiyar kusan kilomita 50 ba tare da cika totur ba.

Kayan da ba na kamfani ba

Mutane da yawa suna saka salansa ta kasuwa, ko akwatin ƙara mai irin Power Commander, ko su ba wani ya sauya musu jadawali. Manhajar dila tana shafe jadawalin da aka saya, sai salansar kasuwa ta zauna da man da bai ishe ta ba. Akwatin ƙara mai kuma yana ci gaba da ƙara adadin da aka lissafa a kan tsohon jadawali. A cire waɗannan a mayar da babur yadda ya fito kafin a yanke wa sabuntawar hukunci.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Kamfanoni suna cewa su ke da alhakin ƙa'idar hayaƙi da garanti, don haka ba za su bar ƙwaƙwalwa a buɗe ga kowa ba, kuma dila ba kasafai yake iya mayar da tsohon jadawali ba bayan an ɗora sabo. Masu babur suna cewa sun sayi abu da wani ƙarfi, an rage shi ba a faɗa musu me aka sauya ba. A wannan gaɓar suna da gaskiya: takardar da ke bayyana abin da sabon jadawali ya taɓa, da abin da mai hawa zai ji, da ta kashe rabin gardamar. A Amurka dokar garanti ta Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an saka kayan wani, sai ya nuna kayan ne suka jawo lalacewar, amma ƙwaƙwalwa tana ajiye tarihin zafi, juyi da ƙwanƙwasa, kuma da shi ake kafa hujja. Ƙin kai babur gyaran dole ba mafita ba ce; idan inji ya buga daga baya, abu na farko da za a duba shi ne ko an amsa kiran.

Wahalar ta fi faɗawa kan waɗanda babur ɗin ba abin wasa ba ne a wurinsu: mafarautan Inuwit a Nunabut, inda babu titin mota da ya haɗa garuruwa da kudancin Kanada, mazauna ƙauyukan Alaska, da makiyayan Sami masu kiwon barewar ƙanƙara a arewacin Norwe, Suwidin da Finlan. Ga mutumin da dila mafi kusa da shi sai an hau jirgin sama, gyaran kyauta yana zuwa da kuɗin dakon babur, ko jiran bakaniken da zai zo da kwamfuta. Wannan ne ya sa injuna masu kafireto da fanka, irin Yamaha VK540 da Polaris 550, suka daɗe da farin jini a can duk da sun fi shan mai: mutum zai iya kwance su a bakin hanya da sifana da sukudireba. Wanda yake da na zamani a irin waɗannan wurare, gara ya gwada shi kusa da gida na tanki ɗaya cur bayan kowace sabuntawa, da fulogi biyu, bel da fis a aljihun babur, kafin ya ɗauki doguwar hanya.